Amincewar Ifijiniya: Yarda Ce Ko Rashin Mafita?

An fara nuna wasan kwaikwayon Yurifidis mai suna "Ifijiniya a Awlis" a birnin Atina a shekarar 405 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan mutuwar marubucin. Rundunar Girkawa ta taru a gaɓar teku za ta tafi yaƙin Turoyi, amma jiragen ruwa suka kasa tashi. Boka Kalkas ya ce sai sarki Agamemnon ya yanka 'yarsa ga Atemis, abar bautarsu. Uban ya aika gida da ƙaryar zai aurar da ita ga jarumi Akilis. Yarinya ta zo da shirin amarci, ta tarar da wuƙa.

Da farko ta durƙusa tana roƙon uban ya bar ta da ranta. Can kuma sai ta ce ta yarda ta mutu saboda ƙasar Girka. Wannan juyin ne Aristotal ya kushe, yana ganin mai roƙon ba ta yi kama da mai sadaukarwar ba.

A nan muka saɓa da shi. Mu duba abin da ya faru tsakanin maganganun biyu. Uban ya toshe kunne. Akilis ya dawo da labarin cewa sojoji, har da nasa, sun nemi jifansa don ya kare ta, kuma Odisiyas na tafe da mayaƙa su ja ta da ƙarfi. Ko ta yarda ko ta ƙi, yankan na nan. Zaɓin da ya rage mata ɗaya ne: a ja ta a ƙasa, ko ta taka da ƙafarta. Hujjojin da ta kawo kuwa na ubanta ne, ta haddace ta maimaita.

A wasan "Agamemnon" na shekarar 458, marubuci Iskilas ɗaure mata baki ya yi. Yurifidis ya kwance bakin, amma muryar wasu ce ke fita. Wannan ya fi ciwo.

Ƙarshen da aka musanya ta da barewa, masana da yawa na ganin daga baya aka ƙara shi, kuma ba ya wanke kowa. Duk wanda ya karanta littattafanmu na soyayya ya san budurwar da ke cewa "na amince" bayan uba ya rantse zai saki uwarta. Kafin mu yaba haƙurinta, mu fara ƙirga ƙofofin da aka rufe mata.