Gwanin Jar Ƙasa a Ƙafarsa Ake Gane Shi

Duk matashin ɗan wasan tanis da Allah ya kai shi birnin Paris a ƙarshen watan Mayu, lokacin gasar Roland Garros, idonsa kan ƙwallo yake fara zuwa. Ba laifinsa ba ne, ƙwallon ce ke ƙara, ita ake yi wa tafi. Amma gwanintar da ta fi cancantar ya zura mata ido tana ƙasa, a tafin ƙafar 'yan wasa: zamiya.

Filin gasar, wanda ake kira jar ƙasa, ba laka ba ne. Jan bulo ne ake niƙawa ya zama gari, a barbaɗa shi sama-sama, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba, a kan farin dutse da aka daddaɓe. Garin nan ba ya riƙe takalmi. Wanda ya sheƙo a guje ya ce zai ja birki nan take, ƙasa ce za ta karɓe shi. Ƙwallo kuma idan ta sauka sai gudunta ya ragu ta yi tsalle sama, shi ya sa musayar bugu ke tsawo, ana kai mutum wannan kusurwa ana dawo da shi waccan har numfashi ya nemi ƙarewa. Wasan ƙarshe na 2025 tsakanin Carlos Alcaraz da Jannik Sinner sai da ya ci awa 5 da minti 29.

To, gwani ba ya faɗa da santsin, aiki yake sa shi. Tun bai isa inda ƙwallo za ta sauka ba zai daina gudu, ya miƙa ƙafar gaba ya shimfiɗa tafinta duka, ya rusuna, gwiwa a lanƙwashe, ƙirji a miƙe. Ƙafar baya tana jan ƙasa da gefen takalmi, ita ce linzami, ita ke faɗa wa jiki inda zai tsaya. Duk wahalar tana cikin lissafin lokaci: dole zamiyar ta ƙare daidai sa'ad da raket ke haɗuwa da ƙwallo. Idan hakan ta samu, mutum ya buga a tsaye daram, kuma ƙafar da ta tsayar da shi ita za ta tunkuɗa shi ya koma tsakiyar fili. Sabon shiga kuwa bugawa yake yi tukuna sannan ya zame, santsi ya kwashe shi waje, abokin karawa ya jefa ƙwallo inda babu kowa. Tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma shekaru ake yi ana nemanta.

A ganina babu wanda ya kai Rafael Nadal, ɗan ƙasar Sifaniya, a wannan fage. Ya ɗauki kofin a 2005 yana da shekara 19, ya ɗauka na 14 a 2022. Wasa 112 ya ci a gasar, 4 kacal aka doke shi. Ana yawan yabon hannunsa na hagu da yadda yake murza ƙwallo ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa, kuma yabon gaskiya ne. Sai dai hannu ba ya bugun abin da ƙafa ba ta kai shi gare shi ba. Da masu gasar suka tashi karrama shi a 2025, sawun takalminsa suka zana a wani allo suka kafa kusa da raga a babban filin Philippe-Chatrier. Sun san abin da suke yi.

Babban filin yana ɗaukar 'yan kallo kusan 15,000, amma daga can sama ba a ganin ƙafa sosai. Ƙananan filayen gefe su ne makaranta, musamman a mako na biyu da matasa ke tasu gasar. A nan ana jin karzar takalmi, ana ganin dogon layin da kowace zamiya ta bari, da yadda ɗan wasa ke ƙwanƙwasa takalminsa da raket don garin ya zube, da ma'aikatan da ke share fili su yayyafa masa ruwa, domin idan ya bushe santsin yawa yake yi.

Yawon gari ma yana da ranarsa. A hau hasumiyar Eiffel da aka gina a 1889, a leƙa gidan tarihi na Louvre, a bi gefen kogin Seine da yamma. Waɗannan suna nan duk shekara, gasar kuwa mako biyu ce.

Saboda haka, ɗan'uwa matashi, idan ka samu shiga, nemi kujerar ƙasa a ƙaramin fili, ka zaɓi ɗan wasa ɗaya, ka yi rabin awa ba ka kalli komai ba sai ƙafafunsa.