Hannun da ke karanta gwiwar kare

Da an kammala girbi a ƙasar Madarumfa, masu farauta kan fita da karnukansu, daga gonakin bakin tabki har zuwa wajejen dajin Baban Rafi. Wani lokaci kare kan dawo yana ɗingishi da ƙafar baya. Mai shi ya duba tafin ƙafar bai ga ƙaya ba, ya taɓa ƙashi bai ji karaya ba. A nan ne gwanintar likitan dabbobi ke fitowa, domin da yatsunsa kawai yake gano abin da ido ba ya gani.

Da farko ya san inda gwiwar take. Gaɓar nan mai tsini da ke kallon baya dunduniya ce. Gwiwa tana sama, kusa da ciki, inda ƙashin cinya ya haɗu da na ƙwauri, ƙoƙon gwiwa na gabansu. Jijiyoyi huɗu ke ɗaure da ita: biyu a gefe, biyu kuma sun gitta juna a ciki. Tsakanin ƙasusuwan akwai guringuntsi biyu masu rage gugar juna.

Jijiyar gaba cikin masu gittawar ita ce mai shan wahala. Kare yana tsayuwa da gwiwa a lanƙwashe, kuma kan ƙashin ƙwaurinsa ya karkata baya da kimanin digiri 25. Don haka duk takun da ya yi, ƙwaurin na neman zamewa gaba, jijiyar na riƙe shi. Ta ɗan ƙwallo kan tsinke farat ɗaya, amma ta kare yawanci sannu a hankali take lalacewa, har ranar da juyi ɗaya bayan zomo zai ƙarasa ta. Ƙiba da tsufa na ƙara haɗarin, kuma manyan karnukan Turai irin Labrador da Rottweiler sun fi siraran karnuka masu gudu kamuwa. Kusan rabin waɗanda jijiya ɗaya ta tsinke musu, ta ɗaya ƙafar ma kan biyo baya.

Gwani ba ya gaggawa. Yakan sa kare ya zauna, ya ga ko zai miƙe ƙafar gefe. Ya shafa gefen gwiwar na ciki, ya ji ko ya yi kauri. Sannan ya kwantar da shi, hannu ɗaya ya riƙe ƙarshen ƙashin cinya, ɗayan ya kama kan ƙwauri ya tura gaba a hankali. In ƙwaurin ya zame gaba kamar aljihun tebur, jijiya ta tsinke. Motsin ɗan kaɗan ne, kare mai tsoro kuma yakan ɗaure tsokarsa ya ɓoye shi. Sai hannu mai haƙuri, wanda ya fara gwada lafiyayyar ƙafar, ke iya rarrabewa.

Don maganin wannan ciwon, a Amurka likitan dabbobi Barclay Slocum ya fito da tiyatar daidaita kan ƙashin ƙwauri a 1993. Inda babu ita, sanin ciwon ma babban rabo ne: ƙaramin kare kan samu sauƙi da hutun makonni da rage ƙiba.

Mai kare, in ɗingishi ya kwana biyu, dakatar da farauta, kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane don yana iya kashe shi. Kai shi wurin likitan dabbobi.