Kunne Alƙalin Rubutu

A Madabo na tashi, unguwar malamai, inda ɗalibi kan karanta littafi a zaure, malam yana saurare yana gyara. Ban san darajar wannan tarbiyya ba sai da na fara sauraron littattafan Hausa a waya, ina ɗinki a shago.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya fi kowanne zama a kunne. A littafi na ɗaya aku ne ke ba Musa ɗan sarki labarai, saboda haka kowace jimla daidai take da numfashin mai magana. Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa (1934) kuwa malami ne ke ba almajiransa tarihinsa. Mai karatun da ya yi gaggawa ya kashe shi.

Sai na naɗi muryata ina karanta labarin da na shekara biyu ina rubutawa bayan isha'i. Kafin shafi na uku na sarƙe sau bakwai. Abin da ido ya yafe mini, kunne ya ƙi. Na yage babin farko. Yanzu ba na amincewa da shafi sai mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, ta ji ta ce, "Sai aka yi yaya?"