Sharhi A Kan Ƙananan Gidajen Abincin Kwarori

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa ƙananan gidajen abincin Kwarori, wato mutanen Labanan, a nan Kano, ya san ba don kujeru ake zuwa ba. Araha ce ke kai mu, kuma lalle ana ƙoshi.

Abin yabo a wurinsu shi ne falafil. Wannan kuwa ɗan'uwan ƙosai ne: wani wake mai kama da gujjiya ake jiƙawa, a niƙa shi ɗanye da albasa da tafarnuwa da ganye, a soya. A Bairut da Alƙahira abincin talaka ne, saboda haka bai kamata ya yi tsada ba. Haka nan hummus, wanda ake dama dafaffen waken nan da niƙaƙƙen riɗi da lemun tsami, a yarfa man zaitun, a dangwala da gurasa. Riɗin nan fa muna noma shi a Jigawa!

To, amma shawarma ita ce inda aka ɓata rawa da tsalle. A can gida, ta kaza tafarnuwa ce daƙaƙƙiya ke ɗaga ta, ta nama kuwa miyar riɗi. A nan sai a cusa kabeji, a malala bama, har zaƙi ya danne ɗanɗanon naman. Masu gida za su ce abin da muke nema ke nan. Anya kuwa? Wa ya taɓa ba mu ta ainihi muka ƙi?