Masu Riƙon Amanar Jita a Kudancin Ƙasar Amurka

A ƙananan gidajen rawa da filayen bukukuwa na Jojiya da Alabama da Florida, akwai makaɗan da suka sadaukar da basirarsu ga waƙoƙin wasu. Aikinsu shi ne raya kiɗan Lynyrd Skynyrd da Allman Brothers Band, kuma ina ganin sun cancanci jinjina.

Kwaikwayon wannan kiɗa aiki ne ja. 'Yan Skynyrd jita uku suke kaɗawa a tare, kowace da hanyarta, ba mai taka wata. Allman Brothers kuwa masu ganga biyu gare su. Duane Allman yakan zura yatsa cikin 'yar kwalbar magani ya riƙa goga ta kan tsirkiya har jita ta yi kuka kamar mutum. Mai son fitar da wannan sauti sai ya kwana yana mayar da faifai baya, yatsu na tsagewa, alhali da safe sana'arsa ta cin abinci na jiransa. Masu kwaikwayon nan su ne kuma masu ɗaukar lasifika, su ne direbobin kansu.

Duane ya rasu a haɗarin babur a 1971. Ronnie Van Zant, mawaƙin Skynyrd, ya mutu a haɗarin jirgin sama a Mississippi a 1977. Gary Rossington, na ƙarshe cikin waɗanda suka kafa Skynyrd, ya bi su a 2023. Yaron da aka haifa bayansu a hannun masu kwaikwayon nan yake ganin yadda ake kaɗa waƙar Skynyrd ta "Free Bird" ido da ido, a gaban dattawan da suka haddace kowane bugu, waɗanda kuskure ɗaya ba ya wuce kunnensu.