Sili Mai Sayar da Jarida: Nazarin Fim ɗin Mambéty na Ƙarshe

Daga cikin finafinan Afirka da suka taɓo rayuwar yaran titi, babu wanda na ga ya cancanci malaman makaranta su sani kamar La Petite Vendeuse de Soleil, wanda Djibril Diop Mambéty na ƙasar Senegal ya shirya. An haifi Mambéty a Dakar a 1945, ya rasu a 1998, fim ɗin kuwa ya fito a 1999. Tsawonsa minti 45 ne, kuma da harshen Wolof aka yi shi. Shi ne na biyu cikin finafinai uku da ya ƙudurta yi kan talakawa. Na farko, Le Franc, ya fito a 1994, na uku kuwa ajali bai bar shi ya yi ba.

Labarin wata yarinya ce gurguwa mai suna Sili, wadda ke dogara sanduna biyu tana bara a Dakar, kakarta kuma makauniya ce. Wata rana yara maza masu sayar da jarida suka bangaje ta. Daga nan ta ɗaura aniyar shiga sana'arsu, ta karɓo jaridar gwamnati mai suna Le Soleil, wato Rana.

A nawa ra'ayi, ƙarfin fim ɗin shi ne bai nemi a ji tausayin Sili ba. Alal misali, da ɗan sanda ya zarge ta da sata saboda kuɗin da ya gani a hannunta, ita ta tsaya ta kare kanta, har ta sa aka saki wata mata da ke tsare. Ribarta kuma ta saya wa kakarta laima, ta raba wa mabarata saura. Naƙasa ta kama ƙafarta, ba ta kama zuciyarta ba.

Sai dai akwai inda nake da ja. Kuɗin da suka buɗe mata hanya, saifa 10,000, wani mai hali ne ya ba ta lokacin da ya saye jaridunta 13 gaba ɗaya. Wannan sa'a ce irin ta tatsuniya, kuma ba kowane yaro ke gamuwa da ita ba. Bugu da ƙari, yaran da suka ƙwace mata sanda an nuna su tamkar miyagu kawai, alhali su ma talauci ne ya koro su titi, a ƙasar da aka karya darajar kuɗinta da rabi a 1994.

Duk da haka, ƙarshen fim ɗin gaskiya ya faɗa. Sanda ta tafi, abokinta Babou ya goya ta, suka ci gaba da tafiya. Ke nan ƙwazon yaro ba ya isarsa sai da mai tallafa masa. Malamin da zai nuna wa ɗalibansa fim ɗin, ya tambaye su wane ne ya kamata ya yi wannan goyo: yaro ɗan'uwanta, ko iyaye da hukuma?