Yayin Fenti Ruwan Toka da Launin da Ya Dace da Gidan Bangalo

A 'yan shekarun nan wani yayi ya mamaye sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, wato shafe bangon gida na waje da fenti ruwan toka mai duhu, a zagaye tagogi da fari, sannan a ɗora baƙin rufi a kai. Salon ya fito ne daga rukunin gidajen da kamfanoni ke ginawa a Abuja da Legas, hotunan Instagram da zanen gini na kwamfuta kuma suka yaɗa shi, har ya kai ga mai gida ba ya shawara da mai fenti, sai dai ya miƙa masa waya ya ce irin wannan yake so. Matsayin wannan rubutu shi ne, launin nan bai dace da gidan bangalo a ƙasar Hausa ba, domin ranar wurin da ƙurarsa da siffar ginin su ne ya kamata su yanke hukunci a kan launi kafin a waiwayi yayi.

Bangalo shi ne gida mara bene, mai faɗi, wanda galibi yake da baranda da rufi mai gangara da ya zarce bango don ya yi masa inuwa. Asalinsa daga yankin Bengal ne, inda Turawan Ingila suka ɗauke shi suka baza a ƙasashen da suka mallaka, shi ya sa ake ganinsa a unguwannin Turawa na da, irin su Nasarawa a Kano, da kuma gidajen ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa a Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917. Gidajen masu ƙaramin ƙarfi da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983 sun ƙara kusanto da wannan siffa ga talakawa, ta yadda a yau mafi yawan wanda ya sayi fuloti ya sa bulo da siminti, bangalo yake ginawa. Abin lura shi ne yawancin waɗancan gidaje na farko fari ko ruwan madara aka shafa musu, saboda waɗanda suka gina su zafin rana suke gudu.

Hujja ta farko tana cikin siffar ginin. Da yake bangalo gajere ne, rufinsa yana cin kaso mai yawa na abin da ido ke gani daga titi, musamman yanzu da ake yayin rufi mai tsayi da tsini, saboda haka launin rufi shi ne farkon abin da za a duba, tunda ana iya sake fentin bango bayan 'yan shekaru, amma ba kasafai ake sauya rufi ba. Idan rufi ya yi duhu, bango ma ya yi duhu, sai gidan ya zama dunƙule guda wanda ya durƙushe a ƙasa, barandarsa ta ɓace, inuwar da bakin rufi ke jefawa a bango, wadda ita ce adon bangalo na asali, ta daina fitowa. Gidan bene yana iya ɗaukar launi mai nauyi saboda tsayinsa yana rage masa nauyin, bangalo kuwa ba shi da wannan dama.

Hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi, ita ce zafi. Masana fenti suna auna kowane launi da ma'aunin mayar da haske, wanda ya tashi daga 0 zuwa 100, inda baƙi ƙirin yake kusa da 0, fari fat kuma yake kusa da 100. Abin da launi bai mayar ba kuwa, bango ne yake shanye shi ya koma zafi. A garuruwan da ma'aunin zafi yake haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, bangon bulo mai duhu da ya kalli yamma yana wuni yana tara zafi, ya kuma yi ta sakinsa cikin ɗaki har tsakar dare, lokacin da mutanen gida suke neman barci. Gidajen da aka kwaikwayo salon daga gare su an tsara su ne bisa zaton na'urar sanyaya ɗaki za ta riƙa aiki dare da rana, alhali mai bangalo a Hotoro ko Rigasa ya san yadda wutar lantarki take, ya kuma san kuɗin man janareto. A nan ne maganar Bahaushe ta cewa zanen aro ba ya rufe katara ta tabbata.

Sai batun ƙura da ruwan sama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ita kuwa wannan ƙura mai haske ce, don haka ta fi fitowa a kan bango mai duhu, inda take kwanciya a kan duk wani gurzo na fenti, ruwan farko na damina kuma ya zo ya ja ta ƙasa layi-layi. Fari fat ma bai tsira ba, domin feshin ruwan da ke zubowa daga rufi yana watsa jar ƙasa a gindin bango, cikin damina guda ya rina shi. Launukan da ke jure wa waɗannan abubuwa biyu su ne na tsaka-tsaki waɗanda suka yi kusa da launin ƙurar kanta, kamar ruwan madara da ruwan yashi da ruwan ƙasa mai haske. Akwai kuma dalili na kimiyya, wato sinadarin launin da ake samu daga tsatsar ƙarfe, wanda shi ne tushen jan ƙasa da rawaya mai duhu da ruwan ƙasa, ba ya saurin koɗewa a rana, saɓanin ja mai ƙyalli da wasu launuka masu kaifi da ke dusashewa da wuri.

Maginan Hausa na gargajiya sun daɗe da warware wannan matsala da kayan da ke kusa da su. Suna shafe bangon tubali da makuba, wato ruwan da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda yake ƙarfafa yaɓe ya kuma ba shi launin ja mai duhu. Suna kuma amfani da laso, wato haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, a wuraren da ruwa ya fi dukansu. Farar ƙasa kuma suna haskaka ɗaki da bakin ƙofa da ita. Abin koyi a wurinsu shi ne tsarin rabon launi. Wanda ya dubi Gidan Makama a Kano, ko tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, zai ga jikin ginin gaba ɗaya launin ƙasa ne, ado da launi mai ƙarfi kuwa an tara su a fuskar zaure da kewayen ƙofa, inda baƙo yake tsayawa ya yi sallama. Tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kyansa ya dogara ne a kan yadda gidaje suka yi tarayya a launi guda. Duhun makuba bai cutar da mazauna ba saboda kaurin bangon ƙasa yana jinkirta shigar zafi, abin da bulon siminti mai inci 6 ko 9 mai rami a ciki ba ya iya yi yadda ya kamata.

Masu son ruwan toka suna da tasu hujjar, kuma ba a raina ta ba. Suna cewa launi ne mai natsuwa wanda ya raba unguwanni da hayaniyar ruwan hoda da kore shar da aka yi yayi a baya, kuma gidan da aka shafa masa shi ya fi saurin samun mai saye ko ɗan haya. Gaskiya ne ya fi waɗancan kamala, sai dai natsuwar da ake nema ana samunta a ruwan toka mai haske wanda aka ɗan karya da ruwan ƙasa, ba tare da an jawo wa ɗaki zafi ba, darajar kasuwa da ta dogara da yayi kuma tana tafiya ne tare da yayin.

Tsarin da ya fi dacewa da bangalo bai wuce launi uku ba. Jikin bango, wanda shi ne mafi faɗi, ya ɗauki launi mai haske da ya jitu da rufi. Gindin bango, kimanin rabin mita zuwa mita guda daga ƙasa, ya ɗauki ruwan makuba ko ruwan ƙasa mai duhu don ya ɓoye feshin damina. Launi mai ƙarfi kuma, shuɗin baba ne ko kore mai duhu ko ma ruwan tokan da ake so, a keɓe shi ga ƙofa da firam ɗin taga da ginshiƙan baranda. Kafin a sayi bokitai, wajibi ne a shafa gwaji mai faɗi a bangon gabas da na yamma a duba shi da hantsi da kuma la'asar, domin rana tana wanke launi har ya fi yadda yake a katin gwaji haske. Ya kamata kuma a bar sabuwar filasta ta yi kamar kwana 28 kafin fenti ya hau ta, saboda danshi da kaifin siminti suna ɓata launi su sa shi ɓarewa. Gidan ƙasa kuwa kada a kusance shi da fentin mai, wanda yake toshe danshi a cikin bango har yaɓe ya kumbura ya zube.

Nauyin gyara yana kan masu zanen gini da masu fenti, domin su ne mai gida yake jin maganarsu, kuma su suka san abin da bango zai zama bayan hunturu biyu. Ya kamata su riƙa gaya masa gaskiya tun kafin a buɗe bokiti, cewa launi mai duhu a bangon bangalo a wannan yanki ƙarin zafi ne da ƙarin kuɗin sake fenti, su kuma nuna masa launuka masu haske da na ƙasa da za su yi masa aikin da yake so.